Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista A Gembu

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, mai martaba sarki, shugaban ƙaramar hukuma, iyayenmu hakimai da arɗo-arɗo, malamai da fastoci, jama'a barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe sannu da zuwa, sannu da hawan dutse. Tunda ta mota ka zo, daga Serti zuwa Mayo Selbe sannan wannan hawan mai kwana-kwana har Maisamari, ai rabin abin da za mu faɗa ka riga ka gani da idonka.

Nan ƙaramar hukumar Sardauna ce a jihar Taraba, sunan da muka gada tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da yankin nan ya zaɓi zama a Najeriya. Tsaunin Mambila ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, Chappal Waddi kuwa, mita 2,419, duk ƙasar nan babu dutsen da ya kai shi, yana nan gefenmu kan iyakar Kamaru. Shi ya sa ka ga kowa da rigar sanyi, wallahi ba gayu ba ne. A ƙidayar 2006 mun haura mutum 220,000, yau kuwa mun wuce nan nesa, ga Mambila ga Fulani ga Kaka, Panso, Kambu da Hausawa, kasuwa ɗaya muke ci.

Arziki kam Allah ya ba mu. Ciyawa kore shar, damina doguwa, shanu cike da tuddai har Nguroje da Mayo Ndaga, ga ganyen shayi a Kakara wanda ake sha a birane da sunan Highland Tea, ga masara da dankalin turawa da gwaza da ayaba da fiya da kofi, kai har duwatsu masu daraja ana haƙa. To amma ranka ya daɗe, manomi ya noma dankali buhu-buhu, mota ta kasa shiga ƙauyensa saboda taɓo, sai dai a ɗora a mashin, kafin ya iso Gembu kuɗin dako ya cinye ribar, fiya kuma ba ta jiran kowa, ruɓewa take. Madara ma haka, babu wurin sanyaya ta balle sarrafawa. Mai naƙuda daga Dorofi ko Mbamnga ita ma wannan hanyar za ta biyo.

Maganar dam ɗin wutar Mambila da aka ce zai ba da megawat 3,050 kuwa, tun muna yara muke jin ta, har yanzu muna sa rai. Amma in za a ba mu zaɓi, a fara da hanya, babbar da ta ƙauyuka, sannan wuta.

Takardar sauran koke-kokenmu tana hannun shugaban ƙaramar hukuma, zai miƙa maka yanzu. Allah ya ƙara girma, Allah ya maida kai gida lafiya.