Yadda Ake Sa Kwalin Ashana Ya Yi Tafiya a Bidiyo

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan kwalin ashana. Ga shi yana tafiya shi kaɗai a kan tebur, ya juya, ya buɗe, tsinkayen ciki sun fito sun yi layi kamar 'yan firamare. Ba zare aka ɗaura masa ba, ba kuma aikin aljanu ba ne. Hotuna 120 ne aka jera, suka wuce cikin daƙiƙa goma. Turawa na ce wa wannan dabara sitof moshin: ka ɗauki hoto, ka ɗan gusa abin, ka sake ɗauka, haka har ka gama. Idan hotunan suka bi juna da sauri, ido sai ya ga motsi.

Kafin ku taɓa waya, ku fara da lissafi, domin a nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Masu wannan sana'a sukan rage wa kansu aiki su ɗauki 12, a nuna kowanne sau biyu. To ko da 12 ɗin, minti ɗaya hoto 720 ke nan. In kowane hoto zai ci muku rabin minti, kun ga awa shida cur, ban da gyaran kuskure. Nick Park, wani Bature mai wannan sana'a, yana ɗalibi a makarantar koyon fim a Ingila ya fara fim ɗinsa na farko na Wallace da Gromit, wani mutum da karensa da aka ƙera da laka ta roba, a 1982. Fim ɗin bai kai rabin awa ba, amma sai 1989 ya fito. Ku kuwa ɗalibai, mako uku malami ya ba ku ku haɗa naku. A ganina, daƙiƙa 30 masu kyau sun wadatar. Ku zana labarin a takarda, akwati shida ko takwas, ku tsaya a kansa.

Yanzu ga gundarin aikin. A cikin hoton, abu ɗaya kaɗai aka yarda ya motsa, wato wanda kuka motsa da hannunku. Duk sauran dole su tsaya cak, kuma waya ce ta farko. In babu abin ɗora waya mai ƙafa uku, ku jingina ta da tarin littattafai, ku ɗaure da roba, ku manne littattafan da salatif a jikin tebur. Kada ku riƙa danna allon da yatsa, ko yaya kuka taɓa sai ta gusa. Ku sa abin sauraro na kunne mai igiya, a wayoyi da yawa maɓallin ƙara sautinsa yana ɗaukar hoto. Sannan ku danna kan kwalin a allo ku riƙe har wayar ta kulle haske da saiti, in ba haka ba za ta riƙa gyara kanta a kowane hoto.

Sai haske, wanda shi ne ya fi ba da ciwon kai. Ku ga wannan gwajin da muka yi a bakin taga. Kun ga yadda hoton ke ƙyafƙyaf, fari, duhu, fari? Rana ce take tafiya, gajimare na wucewa, mu ba mu lura ba sai da muka kunna. Saboda haka ku rufe taga da bargo, ku kunna fitila. Kuma tunda ana iya ɗauke wuta kuna kan hoto na 200, gara fitila mai caji, a cika ta taf kafin a fara, don tana dusashewa idan cajin ya yi ƙasa. Wani abin da ba a cika tunawa da shi ba: farar riga tana mayar da haske kan tebur. Mai motsa kayan ya sa baƙa ko mai duhu, ya kuma koma wuri ɗaya ya tsaya kafin a ɗauki kowane hoto.

Motsin kansa kaɗan-kaɗan ake yi, kamar faɗin tsinken ashana biyu. Gusawa kaɗan tafiyar hankali ce, gusawa da yawa gudu ne. Ku lura da yadda mota ke tashi: a hankali take farawa, ta ƙara wuta, ta rage kafin ta tsaya. Haka za ku yi wa kwalin. In kuma kuna so ya tsaya kamar mai tunani, ku ɗauki hoto shida ko takwas ba ku taɓa shi ba. Manhajar Stop Motion Studio tana nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, sai ku ga daidai inda kuka baro.

Kayan wasa ba sai an saya ba. Marfin kwalba, wake, takarda da almakashi, har motar kara. Wanda ya taɓa gina shanun laka yana yaro zai so ya gwada, sai dai laka tana bushewa ta tsage kafin a yi nisa. Laka ta roba da ake sayarwa don wasan yara ta fi, a sa mata siririyar waya a ciki ta zama ƙashi, a kuma nisanta ta da zafin fitila don tana saki.

In ku uku ne, ɗaya ya motsa, ɗaya ya ɗauka, na ukun ya zuba ido a allo, saboda hannu yakan faɗo cikin hoto ba a sani ba. Duk bayan hoto 20 ku kunna ku gani. Sauti kuwa sai an gama ake ɗora shi. Wannan kacau-kacau da kuka ji kwalinmu yana yi, shinkafa ce muka zuba a gwangwanin madara muka girgiza kusa da waya.