Allah Ne Ko Wanda Allah Ya Aiko? Muhawarar Kiristoci Kan Matsayin Yesu Almasihu

Masu kallonmu, barkanmu da warhaka. A yau za mu duba wata tambaya da Kiristoci suka daɗe suna tafka muhawara a kanta, wato matsayin Yesu Almasihu, wanda suke kira Mai Ceto: shin shi Allah ne, ko kuwa wani ne da Allah ya aiko? Musulmi sun san shi da Annabi Isa ɗan Maryamu, kuma matsayin Musulunci a kansa sananne ne, cewa bawan Allah ne kuma manzonsa. Abin da za mu bibiya a nan shi ne abin da Kiristoci da kansu suka faɗa wa junansu, da hujjojin da kowane ɓangare ya riƙe.

Da farko ya kamata a gyara zaman tambayar, domin babu wata ɗarika ta Kirista da ke musun cewa an aiko Yesu. A cikin Bisharar Yahaya, ɗaya daga cikin littattafai huɗu na Kiristoci da ke ba da labarin rayuwar Yesu, wadda masu cewa shi Allah ne suka fi dogara da ita, Yesu yana yawan kiran Allah da cewa shi ne wanda ya aiko shi. Saboda haka inda gizo ke saƙar shi ne asalin wanda aka aiko ɗin. Mutum ne da aka zaɓa aka ɗaukaka? Halitta ce ta sama da ta riga duniya samuwa? Ko kuwa tun fil azal yake tare da Allah, ba a halicce shi ba? Amsoshi uku ke nan, kuma kowace ta sami magoya baya a tarihi.

Dalilin da ya sa gardamar ta yi tsawo shi ne kowane ɓangare yana da ayoyin da zai buɗe a cikin Sabon Alkawari, wato sashe na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kiristoci. Masu cewa shi Allah ne suna farawa da ayar farko ta Bisharar Yahaya, inda aka ce tun farko akwai Kalma, Kalman yana tare da Allah, Kalman kuwa Allah ne, sannan a aya ta 14 aka ce Kalman ya zama mutum. Suna kawo sura ta 10 aya ta 30, inda Yesu ya ce shi da Uba, wato Allah, ɗaya ne, da sura ta 20 aya ta 28, inda almajirinsa Toma ya kira shi Ubangijinsa kuma Allahnsa, bai kuwa tsawata masa ba. Ɗaya ɓangaren ba ya ma buƙatar fita daga wannan littafi kafin ya mayar da martani. A sura ta 14 aya ta 28, Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, a sura ta 17 aya ta 3 kuma ya kira Uba Allah makaɗaici na gaskiya, ya kira kansa wanda aka aiko. A Bisharar Markus sura ta 13 aya ta 32, ya ce babu wanda ya san ranar ƙarshe, ko mala'iku, ko Ɗan, wato shi Yesu, sai Uba kaɗai. A Ayyukan Manzanni sura ta 2 aya ta 22, almajirinsa Bitrus ya gabatar da shi ga jama'ar Urushalima a matsayin mutumin da Allah ya tabbatar ta hanyar mu'ujizai. Duk wanda ya ɗauki littafin da muhimmanci dole ya nemi hanyar da zai haɗa waɗannan ayoyi wuri guda, kuma wannan neman ne ya haifar da duk abin da ya biyo baya.

Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne da suka tashi da aƙidar cewa Allah ɗaya ne, ba su kuma taɓa cewa sun bar ta ba. Duk da haka, tun da wuri aka ga suna yi masa abin da ba a saba yi wa annabi ba. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan daular Rum mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan rahoto daga lardin Bitiniya, a ƙasar Turkiyya ta yau, yana cewa Kiristoci kan taru kafin gari ya waye su rera waƙa ga Almasihu kamar yadda ake yi wa abin bauta. Wannan shaida ce daga bakin wanda ba ya ƙaunarsu. A gefe guda kuma akwai Ebiyonawa, Kiristoci masu asalin Yahudanci da suka ci gaba da riƙe Attaura, suka ɗauki Yesu a matsayin mutum kuma Almasihun da aka yi alkawari, suka ƙi Manzo Bulus, wanda ya yaɗa Kiristanci a cikin waɗanda ba Yahudawa ba. Akwai masu cewa mutum ne da Allah ya ɗauka ya mai da shi ɗa saboda biyayyarsa, kuma a kan ra'ayi mai kama da wannan ne aka tsige Bulus na Samosata daga kujerar bishop, wato shugaban coci, na birnin Antakiya a shekara ta 268. Har ma akwai waɗanda suka zarce ta ɗaya ɓarin, suka ce allahntakarsa ta kai inda jikinsa ma ba na gaske ba ne, kamanni ne kawai.

Rikicin da ya fi kowanne girma ya tashi ne a nahiyar Afirka, a birnin Iskandariya na ƙasar Masar, wajen shekara ta 318. Wani limamin coci ɗan asalin Libiya mai suna Ariyus ya ƙalubalanci shugabansa, Bishop Iskandar. Hujjarsa mai sauƙin kamawa ce: idan har akwai Uba da Ɗa, to dole Uba ya riga Ɗa, ke nan akwai lokacin da babu Ɗan. A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu, inda ake zaton Ariyus ya koyar da cewa Yesu annabi ne kawai kamar sauran annabawa. Ba haka ya ce ba. A wurinsa Ɗan shi ne farkon halitta kuma mafi ɗaukakarta, an same shi kafin zamanai, kuma ta wurinsa ne Allah ya yi sammai da ƙasa, amma dai yana da mafari, Allah kuwa ba shi da mafari. Yana kafa hujja da littafin Karin Magana sura ta 8 aya ta 22, da littafin Kolosiyawa sura ta 1 aya ta 15, inda aka kira Yesu ɗan fari gaban dukan halitta. Ariyus ya san hanyar isar da saƙo, domin an ruwaito cewa ya tsara koyarwarsa cikin waƙoƙi, matuƙa jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya suna rerawa a bakin aikinsu.

Sarki Konstantin, wanda ya haɗa dukan daular Rum a hannunsa a shekara ta 324, ya ɗauki lamarin da farko a matsayin cacar baki kan abin da bai taka kara ya karya ba, har ya aika wa ɓangarorin biyu wasiƙa yana neman su sasanta. Da abin ya ci tura, sai ya kira taron bishop-bishop a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a Turkiyya, a shekara ta 325. Al'adar coci ta ce mutum 318 ne suka halarta, masana tarihi kuma sun fi karkata ga adadin da ke tsakanin 250 da 300, kuma mafi yawansu daga gabashin daular suka fito. Shekaru kaɗan kafin nan hukumar Rum ce ke farautar waɗannan mutane, har marubutan tarihin coci suka ce wasu sun shiga zauren da tabon azaba a jikinsu, ciki har da wani bishop daga Masar da aka ƙwaƙule wa ido ɗaya. Ga su yanzu suna cin abinci a teburin sarki.

Majalisar ta fitar da shaidar bangaskiya wadda ta ce Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, Allah na gaskiya daga Allah na gaskiya, kuma zatinsa ɗaya ne da na Uba. Kalmar Girkanci da aka yi amfani da ita wajen faɗin wannan zati ɗaya, wato homo'usiyos, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma wannan ya dami bishop-bishop da yawa. An zaɓe ta ne saboda duk wata kalma ta cikin nassi da aka kawo, magoya bayan Ariyus kan amince da ita bisa tasu fassarar. A ƙarshe mutum biyu ne kawai suka ƙi sa hannu, Sekundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus.

Sau da yawa za ka ji ana cewa a Nikiya ne aka jefa ƙuri'a aka mai da Yesu Allah. Wannan magana ta yi wa tarihi gajeren hukunci ta fuska biyu. Ta farko, girmama shi da addu'a da waƙa ya girmi majalisar da fiye da shekara 200, kamar yadda rahoton Filini ya nuna. Ta biyu, majalisar ba ta kashe wutar ba, sai ma ta ƙara ruruta ta. Ba a daɗe ba Konstantin ya sassauta, aka dawo da waɗanda aka kora, kuma lokacin da ya karɓi baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, dab da mutuwarsa a shekara ta 337, wanda ya yi masa ita shi ne Yusibiyus na Nikomidiya, babban abokin tafiyar Ariyus. Ɗansa Konstantiyus ya goyi bayan masu adawa da Nikiya. Atanasiyus, wanda ya gaji kujerar Iskandariya a shekara ta 328 kuma ya zama jigon masu kare Nikiya, sau biyar ana korarsa daga birninsa.

Hujjar Atanasiyus ita ce ta fi bayyana dalilin da ya sa mafi yawan Kiristoci suka kafe a kan wannan aƙida, domin shi daga maganar ceto ya ɗauko zancen. A ganinsa halitta ba za ta iya ceton halitta 'yar uwarta daga zunubi da mutuwa ba, saboda haka idan Yesu Mai Ceto ne da gaske, to Allah ne da kansa ya zo. Ya ƙara da cewa idan Yesu halitta ne, to Kiristoci da ke yi masa sujada suna bautar abin da aka halitta ke nan, abin da suke zargin masu bautar gumaka da shi. Game da batun uba ya riga ɗa, ya ba da misalin rana da haskenta: hasken daga rana yake fitowa, amma ba a taɓa samun rana babu haskenta ba. Ayoyin da ke nuna Uba ya fi girma kuwa, masu wannan ra'ayi sun ce suna magana ne a kan Yesu cikin mutuntakar da ya ɗauka, wadda take jin yunwa da gajiya.

Kada a ɗauka cewa wannan gardama ta malamai ce kawai. Giregori na Nisa, wani bishop na ƙarni na huɗu, ya koka da yadda birnin Konstantinoful ya koma. Ya ce idan ka je wajen ɗan canji sai ya ɓuge da yi maka bayani kan haifaffe da wanda ba a haifa ba, idan ka tambayi kuɗin burodi sai a ce maka Uba ya fi Ɗa girma, idan kuma ka tambaya ko ruwan wanka ya yi zafi sai a amsa maka da cewa daga babu aka yi Ɗan. Sai a shekara ta 381, a ƙarƙashin Sarki Tiyodosiyus, majalisar Konstantinoful ta sake tabbatar da matsayin Nikiya, ta faɗaɗa bayani kan Ruhu Mai Tsarki, aƙidar Triniti ta zauna da ƙafafunta, wato Allah ɗaya a cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ko a lokacin ma, ƙabilun Jamusawa irin su Got da Bandal sun ci gaba da bin ra'ayi mai kusa da na Ariyus, kuma masarautar Got ta Sifaniya ba ta sauya ba sai a shekara ta 589.

Daga nan sai tambayar ta koma yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikin mutum ɗaya. Majalisar Kalsidon ta shekara ta 451 ta ce Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ɗabi'u biyu a cikin mutum guda. Cocin Kibɗawa na Masar da na Habasha da na Armeniya da na Siriya ba su karɓi wannan lafazi ba, amma saɓaninsu a kan yadda za a bayyana haɗuwar ne, domin su ma suna cewa shi Allah ne.

Ra'ayin cewa Uba ne kaɗai Allah bai mutu ba. Ya sake ɗagowa a Turai a ƙarni na 16, kuma masu shi sun ɗanɗana kuɗarsu, inda aka ƙone likita ɗan Sifaniya Mika'ilu Sarbetus da ransa a birnin Janeba a shekara ta 1553 saboda musun Triniti. Shahararren masanin kimiyya na Ingila, Isaac Newton, shi ma bai yarda da Triniti ba, sai dai ya ɓoye ra'ayinsa a cikin rubuce-rubucensa na sirri. A yau Shaidun Jehobah suna koyar da cewa Yesu shi ne halittar Allah ta farko, kuma shi ne shugaban mala'iku Mika'ilu, wanda ya sa suka fi kowa kusa da Ariyus. Cocin Iglesia ni Cristo, da aka kafa a ƙasar Filifin a shekara ta 1914, yana cewa mutum ne da Allah ya aiko ya kuma ɗaukaka. Akwai kuma wani reshe na 'yan Fentikos da ke ƙin Triniti ta ɗaya fuskar, suna cewa Yesu shi ne Uban kuma shi ne Ruhun, don haka da sunansa kaɗai suke yin baftisma.

Idan aka zo ga yawa, waɗannan ƙungiyoyi 'yan tsiraru ne. Katolika da Otodoks da Angilikan da mafi yawan Furotesta, har da manyan coci-cocin arewacin Najeriya masu yin sujada da Hausa irin su ECWA da COCIN da EYN, duk suna kan matsayin Nikiya. Majalisar Coci-coci ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Amstadam a shekara ta 1948, ta sanya shaida cewa Yesu Almasihu Allah ne kuma Mai Ceto a matsayin sharaɗin shiga cikinta, shi ya sa har yau ƙungiyoyin da ke cewa shi aikakke ne kawai ba su da kujera a wannan majalisa.