Shin gwajin jini zai faɗa wa mace lokacin da al'adarta za ta ɗauke?

Laccar wata likitar mata ce a wani taron mata, an rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Tambayar da aka ba ni ita ce ta wata baiwar Allah da ta ce ta ji ana ɗibar jini a faɗa wa mace shekarar da za ta daina al'ada.

To, mu fara da rumbu. Ana haifar 'ya mace da ƙwayaye wajen miliyan ɗaya zuwa biyu a ma'ajiyar ƙwanta. Kafin ta balaga sun dawo kamar dubu 300 zuwa 400. Ba a ƙara zuba ko ɗaya, ɗiba kawai ake yi. Idan saura bai wuce kamar dubu ɗaya ba, sai al'ada ta tsaya, galibi tsakanin shekara 45 da 55. Mu likitoci ba ma cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba.

Yanzu yaya za a leƙa cikin rumbun? A da sinadarin FSH muke aunawa, wanda ke hawa idan ƙwai ya yi ƙaranci. Amma shi wannan ba shi da alƙibla: wannan watan ya hau, wata mai zuwa ya sauko. Sai aka koma ga wani sinadarin mai suna AMH, wanda ƙananan jakunkunan ƙwan da kansu ke fitarwa. Ƙwai na raguwa, shi ma yana raguwa, kuma bai cika damuwa da ranar da aka ɗebi jinin ba.

A 2010, Dakta Fahimeh Ramezani Tehrani ta Jami'ar Shahid Beheshti da ke Tehran ta kai sakamakon bincikenta wani taron likitoci a birnin Rum. Mata 266 suka bi, 63 daga cikinsu suka daina al'ada a lokacin binciken. A matsakaici, hasashensu ya kauce da kamar wata huɗu ne kawai. Jaridu suka ɗauka da zafi. Abin da ba su yayata sosai ba shi ne, a wasu matan kuskuren ya kai shekara uku zuwa huɗu. Ke da kike lissafin haihuwa, shekara huɗu ai ba wasa ba ce. Kuma mata 63 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu.

A 2018 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da wani gwajin AMH mai iya gano ɗan mitsitsin da ya rage, amma da sharaɗin a haɗa shi da sauran abin da likita ya gani. A ganina nan gaskiyar take: gwajin ya fi faɗin daidai ga wadda ta kusa, wato ta haura 45. Ita kuwa, a Ingila ma ƙa'idarsu ta ce ba ta buƙatar gwaji, alamomi sun isa: rikicewar al'ada, zafin da ke taso wa jiki, gumin dare. Mai shekara 28 da ta fi kowa son amsar, ita ce gwajin ya fi yi wa ƙwange.

Ga kuma abubuwan da ke rikita shi. Ƙwayar tazarar haihuwa tana sauke AMH. Lalurar PCOS, mai rikita al'ada da fitar ƙwai, tana ɗaga shi. Sannan yawa yake aunawa, ba lafiyar ƙwan ba, don haka kada a ce miki ya yi ƙasa ki ɗauka kin gama haihuwa. Ana samun ciki da ƙarancinsa.

Hajiya a baya ta ɗaga hannu, tana tambaya kan wadda al'adarta ta tsaya da wuri. Eh, Hajiya, wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 40, wannan daban ce, kusan mace ɗaya cikin 100 ke nan. Ita lallai ta zo asibiti a auna, saboda ƙashinta da zuciyarta. Kuma kafin ta taho, ta tambayi mahaifiyarta a shekara nawa tata ta ɗauke, don za mu tambaya.