Karabin ko rigar fistol: gardamar shagunan bindiga a Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Ku ƙaddara ga bindigogi biyu a gabanku. Daga nesa sai ku ce 'yan gida ɗaya ne, kuma dukansu harsashi mai milimita 9 suke ci. Ta hagu doguwar bindiga ce tun daga masana'anta, ita ake kira karabin. Ta dama kuwa fistol ce, wato ƙaramar bindigar hannu, ƙirar Glock, aka zura ta cikin wata riga ta roba mai abin jinginawa a baya. Masu wasan harbi a Amurka sun daɗe suna musu kan wacce ta fi cancantar kuɗin mutum.

Musun ya girmi kakanninmu. A 1873 kamfanin Winchester ya fitar da doguwar bindiga mai cin harsashin .44-40, bayan 'yan shekaru Colt ya ƙera fistol mai cin wannan harsashin. Makiyayi a kan doki sai ya riƙe bindiga biyu da jakar harsashi ɗaya. Jamusawa kuma suka bi ta ɗaya hanyar: Mauser C96 ta 1896 tana da kube na katako, wanda ake maƙala mata a baya ya zama gindi. Ga kakan karabin, ga kakan riga.

To, me rigar ke ƙara maka? Mu ɗauki Micro Roni ta kamfanin CAA na Isra'ila. Fistol a hannu biyu kawai take, in numfashi ya motsa, saiti ya motsa. Da ka sa ta a riga, sai ka samu wurin riƙo a gaba da wurin jingina a baya, hannu ya daina rawa. Amma bututun bindigar yana nan yadda yake. Na Glock 17 inci huɗu da rabi ne, a riga ko ba riga. Na Ruger PC Carbine ya ɗan haura inci 16, shi ya sa harsashi ke fita da ƙarin gudu, musamman mara nauyi. Ba ninki ba ne, kada mai shago ya ruɗe ka, amma a mita 100 za ka ga bambanci.

Akwai kuma wata 'yar matsala da masu talla ba sa son ambata. Madubin saiti a jikin rigar yake zaune, bututu kuwa a jikin fistol. Duk lokacin da ka zare ta ka mayar, zamanta na iya ɗan kaucewa, sai ka koma gyaran saiti. A karabin komai jiki ɗaya ne. Sannan in fistol ɗinka tana cikin riga, ba ka da fistol. Mai fistol da ya sayi karabin yana da bindiga biyu, kuma Ruger na zuwa da abin da zai sa ta karɓi gidan harsashin Glock.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙar, wato doka. A 1934, zamanin da 'yan daba irin su Al Capone suka sa Amurkawa cikin fargaba, majalisa ta kafa dokar bindigogi ta ƙasa da ake taƙaita sunanta da NFA. A yau, duk bindigar da ake dangana wa kafaɗa, in bututunta bai kai inci 16 ba, sai an yi mata rajista ta musamman a hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi. Ka maƙala wa fistol gindi ba rajista, ka shiga laifin da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 10. A da harajin rajistar dala 200 ne tun daga 1934, kuɗi mai yawa a lokacin. Wata doka ta 2025 ta mayar da shi sifiri daga farkon 2026, amma rajistar tana nan daram.

Shi ya sa yawancin rigunan da ake sayarwa can ba gindi gare su ba, madaurin hannu ne. Wani mai suna Alex Bosco ya ƙirƙiro shi a 2012 don abokinsa tsohon soja da ya nakasa ya iya harbi da hannu ɗaya. Mutane kuwa, kun san hali, suka riƙa dangana shi a kafaɗa. A Janairun 2023 ATF ta ce yawancin fistol masu madauri sun zama gajerun bindigogin kafaɗa, a yi rajista. Aka tafi kotu, a Yunin 2024 wani alƙalin tarayya a Texas ya soke ƙa'idar. Cikin shekara ɗaya da rabi, abu ɗaya ya tashi daga halal zuwa haram ya dawo. Ban da dokokin jihohi, domin na Kalifoniya da Niyok sun fi na Texas tsauri nesa ba kusa ba. Mai karabin inci 16 duk wannan rikicin madauri bai shafe shi ba.

Ina rigar ta yi nasara? A gajarta da rashin nauyi. Ruger ta kai kilo uku, riga da fistol tare ba su kai haka ba. Galibi kuma ta fi araha, in dai kana da fistol ɗin da ma. Sai dai Kel-Tec SUB-2000 ta rage mata wannan alfahari, don ninkewa take gida biyu ta shige jakar goyo.

In ni aka tambaya, mai son shiga gasa, inda ƙungiyar wasan harbi ta USPSA ta ware wa karabin rukuninta na musamman, ko mai koyon harbi, ya sayi karabin ya huta. Riga ta mai Glock ce da ke son ɗan ƙarin natsuwa a filin atisaye, wanda kuma ya yarda ya riƙa bibiyar hukuncin kotu kamar sakamakon ƙwallo.