Lacca Kan Tsagar Maƙogwaro a Yara

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ma'aikatan lafiya da iyayen da suka samu halarta, sannunku da zuwa.

Zan fara da yaron da kusan kowannenku ya taɓa gani. A ba shi nono ya ƙware, a ba shi ruwa ya ƙware, har leɓensa ya canza launi. Amma in aka dama masa abu mai kauri, sai ya sha lafiya lau. Ba a rufa wata biyu ba a kwantar da shi da ciwon huhu ba. A gida sai a ce beli ne, a kira wanzami. A asibiti kuma mu ce asma ce, mu rubuta magani. Wani lokaci mu da wanzamin duk mun yi kuskure.

A wuyan mutum hanya biyu ce a jere: ta iska a gaba, ta abinci a baya, da bango a tsakani. Bangon nan yana ginuwa ne tun cikin yana ɗan makonni. Idan bai ƙarasa haɗewa ba, sai a haifi yaro da tsaga, abin da ya sha ya riƙa zurarewa huhu. Ana ƙiyasin jariri ɗaya ne cikin 10,000 zuwa 20,000, kodayake a ganina ƙananan tsagogin da muke wucewa ba mu gane ba suna da yawa.

Likitoci biyu, Benjamin da Inglis, sun raba tsagar nan kashi huɗu a 1989, kuma da wannan rabon ake aiki har yau. Ta farko ba ta gangaro ƙasa da igiyoyin murya ba. Ta biyu ta shiga zoben guringuntsin maƙogwaro. Ta uku ta ratsa zoben ta sauka bututun iska, ta huɗu kuwa har cikin ƙirji. Waɗannan biyun na ƙarshe ba sa ɓuya, tun ranar haihuwa jariri ke fama da numfashi. Ta farkon ce mai wahalar da mu.

To, a nan nake so ku saurara. Ana iya ba yaro ruwa mai sinadarin bariyom a ɗauki hoton haɗiyarsa, a ga ruwan yana shiga huhu. Wannan ya nuna akwai matsala, bai faɗi dalilinta ba. Siririyar kyamarar da ake zurawa ta hanci ma tana iya wuce tsagar, domin naman wurin yana rufe ta kamar labule. Sai an sa yaro barci a ɗakin tiyata, likita ya sa ɗan ƙarfe ya taɓa wurin, ya buɗa ya ga zurfinta. Ido kaɗai ba ya isa.

Magani ya danganta da zurfin. A ta farko, akan fara da kaurara abin sha da maganin tasowar abinci daga ciki, wasu yaran da haka suke samun sauƙi. In bai yi ba, a yi allurar da ke cike gurbin, ko a ɗinke ta baki ba tare da yanka wuya ba. Manyan tsagogin kuwa galibi sai an buɗe wuya, wani lokaci har ƙirji.

Hajiya a baya ta tambaya ko kaurara nono ya halatta a gida. A'a, Hajiya, kada a yi wa jariri haka sai da umarnin likita, musamman bakwaini.