Wata Ɗaya ne a Kansu Su Goma Sha Biyu

Assalamu alaikum. Iyaye, malamai, 'yan'uwa na nan Agege da waɗanda suka taso daga Idi-Araba da Mile 12, sannunku da zuwa.

Bidiyon nan ya sake yawo a wayoyinmu, na ceton Harrison Okene, kukun jirgin ruwan Jascon-4 da ya kife ranar 26 ga Mayu 2013 a tekun da ke gaban Escravos ta jihar Delta. Wannan karon an liƙa masa sharhin masu duban taurari: wai wata ya cika a kwanakin, wai burujin mutumin ne ya hana teku cinye shi. Na ga yaranmu suna turawa suna cewa "ikon Allah", ba su lura an sauya musu mai ikon ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Jama'a, mutum 12 ne a jirgin nan. Wata ɗaya ne a kansu. Sha ɗaya suka rasu, Allah Ya ba iyalansu haƙuri. Mai duban ya nemi ranar haihuwarsu? Bai nema ba. Ya jira labari ya ƙare, sannan ya ɗinka masa tauraro. In da gaske ya sani, ina yake a daren 25 ga wata, da zai ce kada jirgi ya fita?

Ku ji yadda aka yi. Da asuba jirgin ya juye, ya nutse kimanin mita 30. Iska ta maƙale a wani lungu, nan bawan Allahn nan ya raɓe, cikin duhu da ruwan sanyi, ba abin da ya shiga cikinsa sai kwalbar Coca-Cola, kusan awa 60. Masu nutson da suka sauka gawa suka je ɗaukowa. Ɗayansu ya ga hannu a hasken fitilarsa, ya kai nasa, sai hannun ya damƙe shi! Kuma ba su fizgo shi sama nan take ba. Wanda ya daɗe a wannan zurfin, iskar naitirojin ta shiga jininsa. In aka yi gaggawa sai ta yi kumfa kamar an buɗe lemon kwalba, ta kashe shi. Sai da ya ƙara kwana biyu da wani abu a ɗakin rage matsin iska. Allah ne Ya cece shi, ta hannun mutanen da suka yi shekaru suna koyon aikinsu. Ba wa tauraro wannan yabon zalunci ne.

A Hudaibiyya an yi ruwa da dare, Manzon Allah (SAW) ya raba mutane biyu: mai cewa falalar Allah ce, da mai cewa tauraro kaza ne ya kawo. Kun san wanda aka ce ya kafirce.

Kada wani ya fita nan ya ce malam ya ce wata ba ruwansa da teku. Da ruwansa. Shi da rana ke jan ruwa ya cika ya janye, kusan duk awa 12 da minti 25, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Masuntan Makoko sun san wannan, ana lissafa shi tun kafin ya zo. Aya ta 16 a Suratun Nahli ta ambaci gane hanya da taurari, kakanninmu kuma da Gamzaki suke sanin asuba ta gabato. Wannan ilmi ne, ina ƙaunarsa.

Da yawanku kuna hawa kwalekwale zuwa Ikorodu ko Badagry don guje wa cunkoso. Don Allah in an ba ka rigar kariya, ɗaura igiyarta, kada ka rataya kawai. Jirgin dare ka haƙura da shi, an ma hana. Lambar gaggawa ta Legas 767 ce ko 112, ku sa a waya yanzu ina kallo. Alhaji, na ga hannunka, bismillah da tambayar.