Kwana 381 Ba Hawa Bas: Lacca Kan Gwagwarmayar Baƙaƙen Fatan Amurka

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo: rikicin bas na Montgomery, dokokin da suka biyo baya, sai batun ƙuri'a.

Na farko. Labarin da aka saba ba ku shi ne, wai wata tsohuwa ce gajiya ta hana ta tashi ta ba Bature kujera a bas, kamar yadda tsarin wariyar launin fata ya tilasta. Wace tsohuwa? Rosa Parks shekararta 42 ranar da aka kama ta, 1 ga Disamba 1955, a garin Montgomery na jihar Alabama. Tela ce, kuma tun 1943 take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Ta san abin da take yi sarai. Kafin ita ma, a watan Maris, an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan abu ɗaya.

Amma abin da ke burge ni, ku yi haƙuri zan daɗe a nan, shi ne tsari. Tsari! A daren da aka yi kamun, Jo Ann Robinson, malamar kwaleji, kwana ta yi tana buga dubban takardu: kada kowa ya hau bas ranar Litinin. Kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin baƙaƙe ne, kun ga ciniki ya mutu ke nan. Direbobin tasi baƙaƙe suka mayar da kuɗin mota senti 10, daidai da na bas. Hukuma ta ce duk wanda ya karɓi ƙasa da senti 45 za a ci shi tara. Sai suka haɗa motocin gida wajen 300, aka tsara tashoshi, aka tsara lokuta. To mai fa, wa zai saya? Ga Georgia Gilmore, mai dafa abinci, ita da ƙawayenta suna sayar da soyayyen kaji da kek, su kai kuɗin wurin taro a coci. Kwana 381, jama'a! Mu nan a ce a yi karo-karon gyaran taransifoma, kafin sati biyu an fara rigima da ma'aji. (dariya) Martin Luther King yana ɗan shekara 26 aka ɗora shi a kan shugabancin ƙaurace wa bas ɗin, har bam aka jefa gidansa a Janairun 1956. Sunansa kowa ya sani. Mata masu aikatau da suka yi ta takawa a ƙafa cikin sanyi fa? Tsari, na ce.

Na biyu da na uku, Kotun Ƙoli ta soke wariya a bas a Nuwamban 1956, dokar 'yancin ɗan ƙasa ta zo a 1964, ta zaɓe a 1965 bayan dukan da aka yi wa masu tattakin neman 'yancin ƙuri'a a gadar garin Selma. A 2013 kotun nan dai ta rage wa dokar zaɓen ƙarfi. Eh, Malama, ina jinki.

(Wata ɗaliba: Malam, ita Rosa Parks ɗin me ta samu?)

Yauwa, Allah ya yi miki albarka. Wahala ta samu. An ci ta tarar dala 10, da dala 4 kuɗin kotu. Ta rasa aikinta, mijinta ma ya bar nasa, ga barazanar kisa ta waya ba dare ba rana. A 1957 dole suka yi ƙaura zuwa Detroit, suka sha fama da bashi da rashin lafiya. Sai a 1965 ɗan majalisa John Conyers ya ɗauke ta aiki a ofishinsa, ta zauna har 1988. Da ta rasu a 2005 tana da shekara 92, aka kai gawarta ginin majalisar dokoki a Washington, mace ta farko da aka yi wa wannan karramawa. Akwai wata tambayar?